Risibar sauti a Matameye: abin da ya kamata a duba kafin a biya kuɗi

A Matameye yau, ɗakin amarya bai cika ba sai an ga talabijin a bango da kayan sauti a ƙarƙashinsa. Haka falon malamin makaranta, haka rumfar mai shayin da ke son ya riƙe samari har bayan isha'i. Yawancin kayan nan ta hanyar Kano suke shigowa, su bi Daura da Kwangwalam su tsallako Ɗan Barto, sauran kuma a ɗauko su daga kasuwar Dole ta Damagaram. Abin da ƴan kasuwa ke kira hom tiyata galibi akwati ɗaya ne mai ƙatuwar wufa, da amfilifaya a cikinsa, da ƴan ƙananan lasifikoki biyu ko biyar, da ramin memori, da Bluetooth, da fitilu masu wal-wal. Amma akwai wasu masu saye da suka fara raina wannan akwati. Su ne waɗanda suka ga risibar sauti a gidan wani ɗan'uwa a Yamai ko Kano suka ƙudurta sai sun mallaki irinta: Yamaha, Denon, Marantz, Onkyo, Pioneer ko Sony. Da su nake magana, da kuma duk wanda ya tsaya tsakanin biyun bai san inda zai sa kuɗinsa ba.

Risibar da nake nufi ba dikodar dish ba ce. Na'ura ce mai nauyi, wani lokaci ta kai kilo goma, da ke zama tsakanin talabijin da lasifikoki tana aiki uku. Tana karɓar wayoyin dikoda da na'urar faifai da kwamfuta da na'urar gem, mutum ya zaɓi wadda yake so da rimot ɗaya. Tana warware sautin da aka ƙulle cikin fim ta raba shi layi-layi. Sannan ta ƙara wa kowane layi ƙarfin da zai motsa lasifikarsa. Lambar 5.1 da ake gani a jikin kwali ƙidayar layukan nan ce: hagu da dama da tsakiya a gaba, biyu a gefe ko a baya, sai ɗigo ɗayan nan na wufa, mai ɗaukar rugugi. Tsarin daga gidajen silima ya fito. Dolby Digital ya bayyana a 1992, DTS ya biyo baya a 1993 da fim ɗin Jurassic Park, shi kuwa Dolby Atmos, mai sa sauti ya riƙa saukowa daga sama, sai a 2012. Duk an ƙirƙire su ne don finafinan da ake haɗa sautinsu a manyan ɗakunan aiki, inda akwai mutumin da sana'arsa ita ce ya yanke cewa ƙarar jirgi za ta taso daga bayan kunnen hagu ta wuce gaba.

Tambayar farko ke nan, kuma mai shago ba zai yi maka ita ba: me za ka zuba wa risibar?

A yawancin gidajenmu amsar sananniya ce. Finafinan Hausa ne, da fassarar Indiya, da ƙwallo, da waƙoƙi, da karatu. Tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, zamanin kaset, zuwa zamanin faifai, har zuwa yau da Kwana Casa'in da Labarina da Izzar So ke isowa ta Arewa24 da YouTube, sautin fim ɗin Hausa layi biyu ne, hagu da dama, kuma sau da yawa abin da ke hagu shi ne a dama. Kafin ya iso Matameye ma ya ƙara ramewa, domin masu tura finafinai a memori suna matse fayil ne don ya shiga waya da yawa, kuma sauti ne ke fara shan matsar. Fassarar Indiya ta fi ba da tausayi ta wannan fuska. Asalin fim ɗin yana iya zama da layi shida cif, amma da aka danne muryoyin asali aka ɗora ta mai fassara, abin da ya rage layi biyu ne. Tashoshin dish na kyauta ma galibi haka suke. Sayen risiba mai layi bakwai don kallon irin wannan kamar ɗaukar hayar tirela ne don kai damin rake ɗaya kasuwa.

Masu sayarwa za su ce ai risibar tana iya baza layi biyu ya cika lasifikoki biyar. Tana iyawa. Akwai tsarin Dolby Pro Logic II da ya fito a 2000, da magadansa, da ke canko abin da ya kamata ya je tsakiya da abin da zai je baya. Amfaninsa na gaske ɗaya ne: yana tattara maganar ƴan wasa ya kai ta lasifikar tsakiya. Abin da yake turawa baya kuwa yawanci amsa-kuwwa ce da shuu ɗin da matsar fayil ta haifar. Wanda zai ci moriyar 5.1 da gaske shi ne mai faifan Blu-ray, ko mai PlayStation, ko mai intanet ɗin da zai iya jan Netflix ba yankewa, ko mai tara finafinan Amurka da Indiya a manyan fayiloli da sautinsu na asali. Akwai irinsu a garin, amma ba su da yawa, kuma sun san kansu.

Abin da ya haɗa fim ɗin Hausa da waƙar Hausa shi ne dukansu magana ce. Labarina ba fim ɗin fashe-fashe ba ne. Mutane ne zaune a falo suna zance, kuma wanda kalma biyu suka wuce shi ya rasa zaren labarin. Waƙa ma haka. Mai sauraron Mamman Shata baitin yake bi, kalangu yana amsawa. Haka kotson Musa Ɗanƙwairo, da kuntigin Ɗan Maraya Jos, da ƙwaryar Barmani Choge, da waƙoƙin fada na Ma'azu Ɗan Alalo da Damagaram ke tinƙaho da su. A watan azumi kuwa gidaje da yawa tafsiri da ƙira'a suke sa wa kayan sautinsu fiye da komai. Duk wannan yana zaune ne a tsakiyar ma'aunin sauti. Tsohon layin tarho daga hertz 300 zuwa 3,400 kawai yake ɗauka, amma ana gane magana sarai. A daidai wannan yankin ne akwatin hom tiyata mai araha ya fi gazawa. Wufarsa tana bugun ƙirji a wajen hertz 60 zuwa 100, ƴan lasifikokinsa masu kamar gwangwanin madara suna tsiwa a sama, tsakiyar kuma rami. Shi ya sa za ka ji ana ta ƙara murya a falo, ƙofa tana kakkarwa, amma tsohuwa tana tambaya, me ya ce? Waƙoƙin zamani irin na Umar M Shareef da Hamisu Breaker da Ali Jita, da ake haɗawa da fiyano da kwamfuta, sun zo da nasu bugun tun daga situdiyo. Ba sa bukatar a ƙara musu.

Saboda haka ma'aunina na farko ga kowace risiba da kowace lasifika shi ne muryar mutum. In ta fito a sarari ba tare da an ƙure ƙara ba, sauran abubuwa masu sauƙi ne. Kuma a nan lasifika ta fi risiba tasiri nesa ba kusa ba. Bambancin sauti tsakanin Yamaha da Denon masu kuɗi ɗaya ƙanƙane ne, wanda ake iya musu a kansa har gari ya waye. Bambancin lasifika mai kyau da maras kyau kuwa yaro ma zai ji shi daga tsakar gida. Wanda ya zuba kashi uku cikin huɗu na kuɗinsa a risiba ya rataya mata lasifikokin tsohon hom tiyata ya yi aikin baban giwa.

Sai batun wat, inda aka fi yaudarar mutane. Kwali zai ce 5000W, har da jan rubutu, a gefe kuma ƴan haruffa PMPO. Wannan lamba ba ta da wani ma'auni da aka yarda da shi. Kowane kamfani yana rubuta abin da ya ga dama. Yaudarar ta tsufa, har hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta kafa doka a 1974 a kan yadda za a riƙa bayyana ƙarfin amfilifaya. Hanyar kama ƙaryar mai sauƙi ce. Juya akwatin ka karanta abin da aka rubuta kusa da wayar wuta. In ya ce yana cin wat 60 daga bango, ba yadda za a yi ya riƙa fitar da dubu biyar. Manyan kamfanoni ma suna da tasu dabarar: sai su auna layi ɗaya tak, a kan om 6, da gurɓatar sauti har kashi 10 cikin 100, su rubuta wat 140 ko fiye. Lambar da za a nema ita ce wadda aka auna da layi biyu suna aiki tare, a kan om 8, daga hertz 20 zuwa 20,000, gurɓata ƙasa da kashi 1. Ita ce ta gaskiya, kuma kullum ta fi ƙanƙanta.

Ko ita ɗin ma kada a ɗauke ta da zafi. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, abin da kunne zai ce an ɗan taɓa. Kafin mutum ya ji ƙara ta ninka, sai an ninka wat wajen sau goma. Tsakanin risiba mai wat 70 da mai wat 90 babu abin da ya kai a biya ƙarin jika ko ɗaya. Lambar da ta fi wannan amfani tana jikin lasifika: yawan desibel da take bayarwa da wat ɗaya a nisan mita ɗaya. Mai 91 tana bukatar rubu'in wutar da mai 85 ke bukata don su yi ƙara ɗaya. A falo mai mita huɗu-huɗu, wat ɗaya zuwa biyar ne ke aiki mafi yawan lokaci, sauran ajiya ce don lokacin da ganga ta faɗo. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce desibel 80 na awa 40 a mako shi ne iyakar da kunnen babba zai ɗauka lafiya, kuma ƴan wat kaɗan sun kai mutum can. Wat 50 na gaskiya a kowane layi ya ishi kowane falo a Matameye. A dai duba om: lasifika mai om 4 tana jan wuta da yawa, tana sa ƙaramar risiba zafi har ta kashe kanta. Ɗabi'ar nan ta murɗa lasifika biyu a rami ɗaya ita ma haka take yi, domin biyu masu om 8 sun koma 4.

Yanzu ga inda shawarar mutanen Turai ba ta da amfani gare mu, wato wuta. Mai rubutu a Faransa ko Ingila bai taɓa tunanin bangonsa zai ba shi ƙasa da abin da aka yi alkawari ba. Mu kuwa yankin Damagaram da Maraɗi ya daɗe yana dogara da layin kilobolt 132 da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa. Da Najeriya ta yanke wutar a watan Agusta 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga can take zuwa, kuma ba a dawo da ita ba sai Maris 2024. Ko a lokacin lafiya, kowa ya san yadda fanka ke rage gudu da magaribar bazara in kowane gida ya kunna abin da yake da shi. Risiba ba ta son wuta ta yi ƙasa, amma abin da ya fi kashe ta shi ne dawowar wuta da ƙarfi bayan ɗaukewa. Don haka sitabilaiza mai jinkiri, wadda ke dakatawa kaɗan kafin ta saki wuta, cikin kuɗin risiba take. Wanda kuɗinsa bai kai na biyun ba, bai kai na risibar ba.

Tunda yawancin risibobin da aljihunmu zai iya ɗauka na hannu ne, tokumbo, dole a duba inda aka ƙera su domin shi. Wutarmu ta kamfanin NIGELEC bolt 220 ce zuwa 230. Kayan Amurka na bolt 120 ne, na cikin Japan kuma 100. Cajar waya da talabijin na zamani suna karɓar kowace iri, shi ya sa mutane suka saba da soka komai a bango. Risiba ba haka take ba. Galibinsu suna da ƙatuwar taransifoma da aka naɗa don wuta iri ɗaya, kuma soka ta 120 a bangonmu sau ɗaya ya isa. Ana iya sa mata taransifomar rage wuta, amma ƙarin kuɗi ne da ƙarin zafi, kuma ranar da wani yaro ya zare ya soka kai tsaye, shi ke nan. Akwai wata ƴar matsala kuma da ba a cika faɗa ba: rediyon risibar Amurka yana tsallake mita da 0.2, yana sauka a kan lambobin mara kawai, irin su 88.1 da 88.3, don haka tashar FM da ke kan lambar cika ba za ta kamu da kyau ba. Wadda aka yi don Turai ko ƙasashen Larabawa, mai rubutun 220 zuwa 240 a baya, ita ce tamu.

Masu sola suna da nasu lissafin. Inbata mai araha, wadda wutarta ba ta fita sumul, tana sa taransifomar risiba gurnani da zafi, wani lokaci a ji zzz ɗin har cikin lasifika. Ana bukatar mai tsabtatacciyar wuta. Sannan a yi lissafin batir. Mai amfiya 100 a bolt 12 yana riƙe da wat-awa 1,200, amma in na ruwa ne ko na jel, rabi kawai ake ci in ana son ya yi ƙarko, wato 600. Babbar risiba irin ta gargajiya tana iya cin wat 60 zuwa 100 ko da ba a ƙure ta ba, domin kaso mai yawa na abin da take ci zafi yake zama. Haɗa da talabijin da dikoda da abin da inbata ke ci, da ƙyar a yi awa huɗu. Ƙananan amfilifayoyin da ake kira aji D suna isar da kusan kashi 90 cikin 100 na wutarsu ga lasifika, wasu ma kai tsaye suke aiki da batir ba sai an bi ta inbata ba. Da irinsu batir ɗin nan zai kusan ninka lokacinsa. A ƙauyukan Kance da ba layin wuta, ni ban ga dalilin sayen babbar risiba ba sam.

Da damina kuma tsawa ba sai ta faɗo kan gida take ɓarna ba. Tana biyo wayar dish ta shiga dikoda, ta bi wayar HDMI ta ƙone allon risiba da na talabijin a dare ɗaya. Sitabilaiza ba ta tare wannan hanyar. In hadari ya haɗo, a zare wayar bango a kuma kwance ta dish.

Zafi da ƙura su ne masu kisan mummuƙe. Littattafan da ke zuwa da risibobi da yawa suna cewa a yi amfani da su a ɗakin da bai wuce digiri 35 ba. A Afrilu da Mayu inuwa ma tana haura 40 a nan, balle ɗaki mai rufin kwano ba silin. Sai kuma ga al'adarmu ta ado: a saka na'urar cikin kabad mai gilashi a rufe, a shimfiɗa mata ƙyalle mai saƙa a kai, a ɗora dikoda, a ɗora furen roba. Ramukan saman nan ba kwalliya ba ne, ta nan take numfashi. Tana bukatar sarari kamar tafin hannu a sama da gefe, kuma ƴar fankar kwamfuta mai aiki da USB da za a ɗora a kai tana zuƙe zafi ta fi kowane ado amfani. Uwargida ta yi haƙuri, ƙyallen a bari sai an kashe ta ta huce. A lokacin ne ma yake da amfani, don ƙurar hunturu in ta kwanta a kan allo bargo take zama. Sau ɗaya a shekara a kai wa mai gyara ya buɗe ya hure. Zai kuma gaya maka abin da yake tararwa a ciki: kyankyasai, tsaka, wani lokaci har ginin zanzaro.

Zancen mai gyara ya kawo mu ga wani abu da ke juya lissafin gaba ɗaya. Tsohuwar amfilifayar sitiriyo, ko risiba ta kafin zamanin HDMI, mai gyaran rediyo na bakin kasuwa yana iya ta da ita: ya canza taransisto, ya canza kafasito, ya wanke maɓallin ƙara. Sabuwar risiba kuwa kwamfuta ce ta shiga rigar amfilifaya. In allon HDMI ɗinta ya mutu, ƙwayoyinsa a manne suke ta ƙasa, ƙarfen dalma na hannu ba ya kai musu, kuma neman wani allon sai an aika Kano ko Legas, in ma an dace. Saboda haka a wurinmu yawan fasaha yawan wuraren mutuwa ne. Dabarar da ke rage wannan haɗari ita ce a bar talabijin ya yi aikin hoto. A soka dikoda da sauran na'urori a jikinsa, sannan a fitar da sauti kaɗai zuwa risiba ta wayar haske, wadda ake ce wa oftikal, ko ta ramin HDMI mai alamar ARC, tsarin da ya shigo a 2009. Wayar haske tana ɗaukar Dolby Digital da DTS na 5.1 lafiya lau, kuma da yake ba ƙarfe a cikinta, tsawa ba ta bin ta. Da wannan, risibar da ta shekara goma sha biyar za ta zauna da talabijin na 4K ba rigima. Wadda ba ta da Bluetooth a saya mata ɗan maƙalawa, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Alamar 8K da eARC da Atmos a jikin kwali kuwa, ga mai kallon Arewa24, kuɗi ne aka biya don tambari.

Ɗakin ma yana da bakin magana. Tsohon ginin laka mai rufin azara, da tabarmi da katifa da labule, yana shanye amsa-kuwwa, sauti ya zauna daram. Sabon gini mai bulo da tayil da silin roba shi ne mai wahala. Tafa hannu a tsakiyarsa ka ji yadda yake ƙara. A irin wannan ɗaki darduma mai kauri da labule mai nauyi za su gyara magana fiye da canza risiba. Sannan hotunan kwali suna nuna mutum ɗaya a kujera ɗaya, lasifikoki sun kewaye shi. Mu ba haka muke kallo ba. Maigida yana kan kujera, yara suna ƙasa, wata tana bakin ƙofa tana tsinke zogale, maƙwabci ya leƙo ya tsaya. Wanda ya zauna kusa da lasifikar baya ita kaɗai zai riƙa ji. Abin da ke yi wa irin wannan zama aiki shi ne lasifikar tsakiya, domin tana riƙe magana a jikin talabijin ko ta ina mutum ya zauna. Shi ya sa na fi ganin hikimar layi uku na gaba, da wufa in an so, a kan biyar. An kuma huta da wayoyin da za su ratsa ɗaki, masu rarrafe su ja, ɓeraye su ci. A sa lasifikokin daidai kunnen wanda ke zaune, ba can kusa da silin ba kamar na masallaci.

Sababbin risibobi suna zuwa da ɗan makirufo da ke auna ɗaki su daidaita kansu: Audyssey a Denon da Marantz, YPAO a Yamaha, MCACC a Pioneer. A kayan tokumbo yawanci makirufon ya ɓace tun a jirgin ruwa. Ba abin damuwa ba ne. Da tef ɗin tela za a auna nisan kowace lasifika a shigar da hannu, a zaɓi ƙanana a wajen girman lasifika, a sa mararrabar wufa a hertz 80, a ɗan ɗaga layin tsakiya. Wufar kuwa a yi mata linzami. Rugugi ba ya jin katanga. A gidan da ɗakuna ke jere a tsakar gida ɗaya, mai jego da tsoho mai jiran asuba duk suna cikin fim ɗinka ko ba su so. Kusan kowace risiba tana da tsarin dare, mai rage tsawar fim ya ɗaga magana. Haƙƙin maƙwabci ya isa dalilin neman maɓallin.

Ranar saye, kada a dogara da waƙar da mai shago zai sa. Ya san wadda ke ɓoye aibin kayansa. Ka je da memorinka: wani yanki na fim mai zance da yawa, tsohuwar waƙar kalangu, da ƙira'ar da kunnenka ya saba da ita. Ka ce, Alhaji, a rage ƙarar tukuna, domin a ƙasa-ƙasa ake gane mai kyau. A sa sautin gwaji ya zaga kowane layi, don risiba tana iya yin waƙa da biyu alhali na tsakiya ya mutu. A gwada kowane ramin HDMI da na wayar haske. A bar ta tana aiki kamar rabin awa, domin mai ciwo sai ta yi zafi take kashe kanta. A shinshina ramukan sama, a duba ko kusoshin sun sha sukundireba. Rimot na asali yana da muhimmanci, saboda wasu saituttukan ba a kai musu sai da shi. Sunan da ke gaba kuma ba hujja ba ne, tambarin Sony da Yamaha na manne a kan akwatunan da kamfanonin ba su taɓa gani ba. Nauyi da lambar samfurin da za a iya bincikawa a waya sun fi shi gaskiya. Wanda zai saya a Kano, a Sabon Gari ko titin Beirut, yana iya samun sauƙi in canjin sefa da naira ya yi masa kyau, amma ya sani garantin baki ba ya tsallake iyaka. An rufe iyakar daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an sake rufewa a 2023. Ɗan ƙarin da za a biya wa ɗan kasuwar Damagaram da za a iya komawa wurinsa gobe ba asara ba ne.

Hukuncina shi ne, a gida takwas ko tara cikin goma na Matameye, abin da ya dace shi ne amfilifayar sitiriyo mai sauƙi, ko tsohuwar risibar Turai mai ramin wayar haske, da lasifikoki biyu mafi kyau da aljihu zai iya, da sitabilaiza mai jinkiri. Rabin kuɗin ya tafi ga lasifika. In risiba ce, in an samu sarari daga baya a ƙara ta tsakiya. Mai Blu-ray ko PlayStation, mai falon da zai iya jera kujeru a tsakiya, mai wutar da ya amince da ita, shi ya sayi 5.1 ɗinsa, kuma ko shi bai bukatar wuce layi biyar. Iyayen amarya kuma da za su shiga kasuwa bana, ku bar ƙirga lasifikoki da fitilu. Ku sa a kunna muku magana, ku sayi wanda kuka fi jin ta a cikinsa.